Alherin da Ba Ya Ƙafewa da Rani

Karatu: Yahaya 21:15-19

Ina alkawarin da ka ɗauka a gaban Allah daren shiga sabuwar shekara? Ka ce za ka karance Littafi Mai Tsarki, za ka bar giya, za ka daina yi wa iyalinka tsawa. Ga shi ko wata biyu ba a yi ba, ka koma gidan jiya. Yanzu kunya ta hana ka addu'a, kana cewa a ranka, "Da wane baki zan sāke roƙon Ubangiji?"

Bari in ba ka misali daga ƙasar Sudan. Tsakanin Hartum da Umdurman akwai wurin da ake kira Mugran, inda koguna biyu suke haɗuwa su zama Kogin Nilu. Shuɗin Nilu daga Tafkin Tana na Habasha yake fitowa. Tun kaka da kakanni an san shi da tumbatsa da damina, in rani ya yi kuwa sai ya janye ƙwarai. Farin Nilu daga wajen Tafkin Biktoriya yake zuwa. Ba shi da hayaniya, amma shi ne yake riƙe kogin da rani. Ƙwazonmu kamar Shuɗin Nilu yake, ya cika a Janairu, ya janye a Maris. Alherin Allah kuwa ba ya ƙafewa.

Wani alkawarin rauninmu ne yake karya shi, wani kuma abin da ya fi ƙarfinmu. A Sudan, 1 ga Janairu ita ce kuma ranar samun 'yancin kai tun 1956. Mutanen Hartum sun shiga 2023 da shirye-shiryensu kamar kowa. Ranar 15 ga Afrilu yaƙi ya ɓarke a birnin, miliyoyi suka bar gidajensu a faɗin ƙasar, har da 'yan'uwanmu masu bi. Wa ya san abin da gobe za ta haifa?

Ka tuna da Bitrus. Ya yi alkawari zai bi Yesu ko da za a kashe shi, amma kafin zakara ya yi cara ya yi musunsa sau uku. Bayan tashinsa daga matattu, Yesu bai jira Bitrus ya gyara halinsa ba. Shi ya same shi a bakin teku, ya ciyar da shi, ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya kuma danƙa masa kiwon tumakinsa.

Wataƙila za ka ce, "In haka ne, sai in daina ƙoƙari." A'a, ɗan'uwa. Alheri ba izinin zunubi ba ne. Bitrus ɗin nan da ya ji tsoron baranya, shi ya tsaya gaban taro ranar Fentikos ya yi wa'azi. Gafara ta fara zuwa, ƙarfin hali ya biyo baya.

Saboda haka kada ka jira wani Janairun. Yau ka furta laifinka ga Allah. In ka ɓata wa matarka rai, ka roƙe ta gafara kafin dare. Ka buɗe Littafin inda ka tsaya, ka kuma nemi wani dattijo a ikilisiya ya riƙa tambayarka yadda kake ciki.

Addu'a: Ya Uba, na karya alkawarina, amma kai mai aminci ne. Ka gafarta mini, ka tashe ni, ka ba ni ikon Ruhunka in yi biyayya yau. Ka kawo salama a Sudan. A cikin sunan Yesu, amin.