Girman da Ake Saye da Kuɗi

'Yan'uwa masu karatu, a watan nan muna so mu yi shawara da ku a kan wata al'ada ta matafiya a jirgin sama. Wataƙila wani zai ce, "Ina ruwanmu da wannan, mu da galibinmu mota muke shiga?" A yi haƙuri tukuna. Al'adar daga Amurka ta fito, amma ƙishin da ya haife ta yana cikin zuciyar kowane ɗan Adam, har da mu masu bi. Tambayar da ke gabanmu ke nan: ya kamata mutum ya biya kuɗi domin a lissafta shi cikin manya?

Bari mu fara da asalin abin. A shekarar 1978 gwamnatin Amurka ta sakar wa kamfanonin jiragen sama mara, kowa ya yanka kuɗin tikitinsa yadda ya ga dama. Gasa ta yi zafi, kowane kamfani yana neman dabarar riƙe fasinjojinsa. A shekarar 1981 kamfanin American Airlines ya buɗe wani tsari mai suna AAdvantage, kamfanonin United da Delta kuma suka bi sawu a wannan shekara. Ga yadda dabarar take: duk mil ɗin da mutum ya yi a jirginsu sai a rubuta masa, in ya tara da yawa a ba shi tikiti kyauta.

Daga baya suka jera matafiya hawa hawa. A wurin Delta akwai hawa huɗu: na Azurfa, na Zinariya, na Filatinam, sa'an nan na Daimon a bisa duka. Mai babban hawa ba ya tsayawa a dogon layi. Shi ake fara kira ya shiga jirgi, kayansa su wuce ba tare da ƙarin kuɗi ba, in kuwa kujera ta ragu a sashen gaba shi za a ba. Shekaru da yawa mil ne ma'auni. Hawan farko sai mutum ya yi mil 25,000 a shekara, watau kimanin kewaya duniya sau ɗaya. Hawan Daimon kuwa mil 125,000.

Nan ne abin mamaki ya soma. In watan Disamba ya kama, mutum ya duba ya ga sauran kaɗan ya kai hawan da yake so, sai ya yanki tikiti zuwa wani gari mai nisa inda ba shi da ɗan'uwa, ba shi da wani sha'ani. Ya sauka, ya sha shayi a filin jirgi, ya sake hawa ya komo gida. Ba abin da ya kai shi sai mil. Kamfanoni suka lura da wannan, waɗansu suka riƙa aika wa irin waɗannan mutane saƙo a ƙarshen shekara cewa in sun biya kaza za a cika musu abin da ya rage.

Sannu a hankali kuɗi ya ture mil. Tun daga shekarar 2014 Delta da United suka ce nisan tafiya kaɗai bai isa ba, sai an duba abin da mutum ya kashe. A shekarar 2022 American Airlines ya shirya tsarinsa yadda mutum zai iya hawa ta wurin sayayya da katin banki, ko da bai taka jirgi ba. A watan Satumba na 2023 Delta ya sanar cewa kuɗi kaɗai za a ƙidaya, hawan Daimon kuma dala 35,000 ne a shekara. Mutane suka yi kuka ƙwarai, sai a watan Oktoba aka rage zuwa dala 28,000, hawan Azurfa kuma dala 5,000. British Airways na Ingila ya bi wannan hanya daga watan Afrilu na 2025, ya sa hawansa na Zinariya kimanin fam 20,000 a shekara. Jiragen Delta da na British Airways suna sauka a Ikko, saboda haka akwai 'yan kasuwarmu da ma'aikatanmu da ke riƙe da irin wannan kati.

Ruwa ba ya tsami banza. Bankuna suna sayen mil daga kamfanonin jirage domin su raba wa masu katinsu, cinikin kuwa ba ƙarami ba ne. A shekarar 2023 kaɗai Delta ya karɓi kimanin dala biliyan 6.8 daga American Express. A shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta tsai da jirage a ƙasa, Delta ya jinginar da wannan tsari nasa ya ranto dala biliyan 9. A shekarar 2021 American Airlines ya ranto dala biliyan 10 ta hanya ɗaya. Ashe marmarin mutane na a ɗaukaka su ya zama dukiya, har masu ba da rance suna karɓarsa jingina.

To, me za mu ce? Kada mu yi garajen yanke hukunci. Sayen sauƙi ba zunubi ba ne. Ga ma'aikaci wanda aikinsa ke sa shi tafiya kowane mako, ga tsoho mai ciwon baya, ga 'yar kasuwa mai kaya da yawa. In ta zauna ta yi lissafi ta ga kuɗin kayan da za a yafe mata ya fi abin da za ta biya, wannan ciniki ne kawai, kamar mai sayen hatsi da kaka domin ya fi araha. Ba mu da ikon ɗora wa kowa laifi a kan wannan. Ubangiji bai umarce mu mu nemi wahala da gangan ba.

Amma da yawa ba sauƙi suke saye ba. Wanda ya kwana a zaune cikin jirgi zuwa garin da ba shi da kowa, wane sauƙi ya samu? Suna yake nema. Sunan kuwa ba shi da daɗi sai in akwai waɗanda aka hana. Da za a ce kowa ya fara shiga jirgi, da babu na farko. Abin ya fito fili a shekarar 2023: ɗakunan hutawa na Delta sun cika maƙil har ana yin layi a ƙofa, sai kamfanin ya sa iyaka ga yawan shigar masu katin banki. Da manya suka yi yawa, dole aka rage su domin girman ya yi tsada. Abin da ake sayarwa a nan shi ne mutum ya wuce ɗan'uwansa yana tsaye, ɗan'uwan kuma ya gani.

Abu na biyu, girman nan na aro ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Kowace shekara ana share allo a soma ƙidaya daga farko. Mai sayarwa shi ne mai yanka farashi, yana kuwa iya ɗaga shi ran da ya so, kamar yadda muka gani. Kamfanoni suna kiran tsarin da sunan aminci. Amma wane irin aminci ne wannan, wanda in ka kasa biya bana, baɗi ba a san ka ba? Wanda ya ɗanɗana kujerar gaba yakan ji tsoron komawa baya. Sai ya shiga tsara tafiyarsa, da sayayyarsa, da hutunsa, duk domin kada kati ya kuɓuce masa. Yana tsammani ya sayi bara mai yi masa hidima, ashe ubangida ya saya.

Abu na uku ya fi nauyi, gama ya shafi amana. Yawancin masu manyan hawa ba da kuɗin aljihunsu suke tafiya ba. Wurin aiki ne ke biya, katin kuwa nasu ne. Ga tikiti biyu, ɗaya mai araha, ɗaya mai tsada wanda zai ƙara masa hawa. Wanne zai zaɓa? In ya zaɓi mai tsada ya ce aiki ne ya sa, ya ci amana, ko da ba wanda zai kama shi. In kuwa kuɗin ekklesiya ne aka aike shi da shi, baikon gwauruwa ke nan ya mayar abin ado. Wanda ya biya da nasa kuɗi ma sai ya tambayi kansa ko an biya kuɗin makarantar yara, ko maƙwabcinsa ya kwana da yunwa.

Sayen matsayi ba sabon abu ba ne. A cikin Ayyukan Manzanni sura 22, sa'ad da aka ɗaure Bulus a Urushalima za a yi masa bulala, ya bayyana cewa shi ɗan ƙasar Roma ne. Shugaban sojan ya yi mamaki, gama shi da kuɗi mai yawa ya sayi wannan 'yanci, Bulus kuwa da shi aka haife shi. Mu lura da abin da Bulus ya yi da matsayinsa. Bai ƙi shi ba, bai kuma yi ta yawo da shi ba. Ya fito da shi ne a ranar bukata, ta wurinsa kuma daga baya ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar, har ya yi shelar bishara a Roma. Matsayi a hannunsa kayan aiki ne, kamar fartanya a hannun manomi.

A sura 8 kuma akwai Siman na Samariya, wanda ya miƙa wa manzanni kuɗi domin su ba shi ikon ɗibiya hannu mutane su karɓi Ruhu Mai Tsarki. Bitrus ya tsauta masa da zafi, ya kira shi ya tuba. Kuskuren Siman shi ne ya ɗauka kowane abu yana da farashi. Wanda ya saba da sayen girma a kasuwa, wata rana zai zo da wannan tunani ƙofar ɗakin sujada.

Ya kuwa taɓa faruwa. A Ingila da Amurka an daɗe ana ba da hayar kujerun sujada, mai kuɗi a gaba, matalauci a baya ko a tsaye. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa aka kafa ekklesiyar Free Methodist a jihar New York a shekarar 1860 shi ne domin kujeru su zama kyauta ga kowa. Wasiƙar Yaƙub sura 2 ta riga ta hana wannan tun da daɗewa, inda ta tsauta wa masu ba mai zoben zinariya wuri mai kyau su bar matalauci a ƙasa. Ubangiji Yesu kuma, cikin Luka sura 14, ya ga yadda baƙi ke zaɓen wuraren girma a wurin biki, ya koya musu su nemi wurin baya, su bar mai gida ya kira su gaba.

Yanzu fa sai mu duba gidanmu. Ran taron neman gudummawa, wa muke zaunarwa a kujera mai laushi? Sunan wa muke kira da babbar murya, na wa muke mantawa? Sa'ad da za a zaɓi dattijon ekklesiya, halinsa muke dubawa ko nauyin ambulan ɗinsa? In mun jera masu bi hawa hawa bisa ga abin da suka bayar, mun zama kamfanin jirgin sama, sai dai ba mu buga kati ba. Kamfani ma ya fi mu gaskiya, gama shi ya rubuta farashinsa a fili.

Ga ma'auni mai sauƙi ga duk wanda ke shawarar biyan irin wannan kuɗi. Ka tambayi zuciyarka: da za a ba ni dukan sauƙin nan a ɓoye, babu kati, babu suna, ba wanda zai gan ni ina wucewa, zan biya? In amsar i ce, kuɗin kuma naka ne na halal, ba ka tauye hakkin kowa ba, to saya, ka yi godiya, ka kuma gai da na bayanka da ladabi. In kuwa amsar a'a ce, ka san abin da kake saye, ka tuna girman kai rawanin tsiya ne.

'Yan'uwa, matsayin da ya fi kowane matsayi an riga an biya mana shi a kan gicciye, ba kuwa a sabunta shi a watan Disamba. Wanda ya san an karɓe shi ɗa a gidan Uba zai iya tsayawa a ƙarshen layi da kwanciyar rai. Bari shugabannin ekklesiyoyinmu su zauna cikin watan nan su duba yadda ake zaunar da mutane ran Lahadi. Allah ya ba mu tawali'u. Amin.