Ina Ladabi Yake Zama: A Roƙo Ko A Godiya?

Danmak ƙaramar ƙasa ce a arewacin Turai, mutanenta wajen miliyan 6. Sunanta ba baƙo ba ne a bakin kogin Binuwai, gama daga can likita Niels Brønnum ya fito, ya sauka Numan a shekara ta 1913. A cikin maganar yau da kullum ta mutanen nan akwai abin da ya isa a tsaya a yi tunani a kansa.

Harshensu ba shi da kalma guda da ke aikin "don Allah". Mai son shayi yakan faɗi abin da yake so, sa'an nan ya ƙara da "tak", watau na gode. Dā suna da hanya biyu ta kiran mutum: "De" domin babba ko baƙo, "du" domin na gida. Daga ƙarshen shekarun 1960 "De" ta yi ta ja da baya, har ta kusa zama ta fadar sarki kaɗai. Yau ɗan makaranta yana kiran malaminsa da sunan yanka, ba wanda yake ganin laifinsa.

Wanda ya tashi inda ake durƙusa wa dattijo, ana ce masa "ranka ya daɗe", zai yi saurin cewa mutanen nan ba su da kunya. Amma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Kafin a yanke hukunci, ya kamata a ji sauran maganarsu.

Yaro ba ya tashi daga wurin cin abinci sai ya ce "tak for mad", godiya domin abinci, ko da uwarsa ce ta dafa. Ita kuwa ta amsa da "velbekomme", watau ya amfani jiki. Abokan aiki in za su rabu da yamma sukan ce "tak for i dag", godiya domin yinin yau. Wanda aka yi wa liyafa, in ya sake gamuwa da mai gida, ko bayan makonni ne, yakan fara da "tak for sidst", godiya domin haɗuwar da ta wuce. Ashe ladabin bai ɓata ba, wurin zama ya sāke. An rage shi a gaban roƙo, an yawaita shi a bayan alheri.

To, wanne ya fi? Ladabin roƙo yana koya wa mutum tawali'u, amma yana iya gauraya da kwaɗayi, gama mai nema ba ya rasa daɗin baki. Da yawa sukan durƙusa har ƙasa sa'ad da suke bukata, in bukata ta biya ba a ƙara ganin ƙeyarsu. Godiya kuwa tana zuwa ne bayan hannu ya riga ya karɓa, lokacin da babu sauran abin da za a samu. Saboda haka ta fi nuna abin da ke cikin zuciya.

Duk da haka hanyar Danmak tana da nata haɗari. Inda kowa ya zama "du", ana iya mantawa cewa furfura tana da hakki. Kalmar da ake faɗa sau hamsin a yini kuma tana iya zama fanko, baki ya faɗa, zuciya ba ta sani ba.

Abin koyi dai shi ne yaron nan da ke gode wa uwarsa. An hore shi ya gane cewa tuwon da ya saba samu kullum ba bashi ba ne ake biyansa, wani ne ya sha hayaƙi dominsa. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Sai kowa ya tambayi kansa: yaushe rabonsa da ba mai dafa masa abinci wannan tukwici?