Yaron da aka raba da abokai domin ya zama shugaba

A littafin Ender's Game na Orson Scott Card, wanda ya fito a 1985, an ɗauke Ender Wiggin daga gidansu yana ɗan shekara shida zuwa makarantar yaƙi a sararin samaniya. Kanar Graff, mai kula da horonsa, ya yi imani cewa haziƙin yaro ba zai zama kwamanda ba sai ya fid da rai daga taimakon kowa. Don haka ya yabe shi a gaban tsaransa domin su tsane shi, kuma da ya fara sabawa da wasu sai a sauya masa runduna.

Shin kaɗaici ne ke ƙera shugaba? Labarin da kansa ya ƙaryata Graff. Petra ce ta koya wa Ender harbi, kuma a yaƙin ƙarshe ita da Alai da Bean ne ke jagorantar dakaru a ƙarƙashinsa. Zama da su ne ya sanar da shi ƙarfin kowa da rauninsa.

Zaluncin da ya fi muni shi ne yaudara. An ce masa atisaye ne a kwamfuta, alhali yaƙin gaske ne, har ya hallaka duniyar abokan gaba baki ɗaya. Manya sun ci moriyar basirarsa, suka ɓoye masa abin da yake aikatawa, suka bar shi da nadama. Duk mai renon yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa ya tuna cewa baiwarsa amana ce, kuma hakkinsa ne ya yi abokai, a kuma gaya masa gaskiya.