Zafi Ba Ya Mutuwa, Ƙaura Yake Yi

Duk wanda ya taɓa ratsawa ta bayan banki ko otal a kan titin Jos ko titin Makurdi a Lafia, da tsakar rana a watan Maris, ya san hucin da akwatunan AC ke fesa wa mutum a fuska. Wannan hucin ba daga sama ya faɗo ba. Zafin cikin ɗakin ne aka kwaso aka zubar a waje. AC ba ta ƙera sanyi. Gas ɗin da ke zagayawa a bututunta na jan ƙarfe ne ke tsotse zafin ɗaki, kwampiresa ta matse shi, fankar waje ta watsar. Firji ma haka yake, shi ya sa bayansa kullum da ɗumi. A Norwe da Finlan, inda sanyi ke daskarar da ruwa, wannan na'urar suke juya wa aiki, ta jawo ɗumi daga waje ta shigar da shi ɗaka.

Wanda ya gane haka zai ga inda muke barin jaki muna dukan taiki. Ɗaki ya ƙi sanyi, sai maigida ya ɗauki rimot ya danna har 16. Lambar nan ba ta ƙara wa na'ura ƙarfi, gaya mata kawai take yi inda za ta tsaya ta huta. A ɗakin da rana ta wuni tana dukan kwanonsa, zafi ba zai taɓa sauka 16 ba, don haka kwampiresa ba za ta huta ba har asuba. Mita kuwa tana ƙirge. AC mai ƙarfin doki ɗaya da rabi takan sha wajen yunit ɗaya, ko sama da haka kaɗan, a kowace awa in tana aiki ba tsayawa. Tun da hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta kai kuɗin yunit naira 225 ga 'yan rukunin A a watan Afrilun 2024, kafin a ɗan sassauta, lissafin ya daina zama na wasa. Mai janareta kuma ya san inda litar fetur ta kai tun cire tallafi a watan Mayun 2023.

Indiya, wadda ba mu fi ta zafi ba, ta sa doka daga 2020 cewa sabuwar AC ta fito daga kamfani a saite kan 24. Japan a 2005 ta fara kira ga ofisoshi su tsaya a 28, ma'aikata su ajiye kwat da lakataye. Ni dai a ganina 25 da fankar silin na juyawa a hankali ta fi 18 daɗin barci. Abin dariya ne mutum ya biya kuɗin sanyi, sannan ya tashi cikin dare neman bargo.

Sai dai ainihin maganar tana waje, wurin akwatin da ba wanda ke kallo. Leƙa bayan gidajen haya a Bukan Sidi ko Tudun Gwandara. Za ka tarar an manna shi jikin bango ba ratar da hannu zai shiga, an kewaye shi da kejin ƙarfe saboda ɓarayi, wani lokaci har da buhu a lulluɓe a kai, wai kada rana ta lalata shi. Siraran farantai na bayansa sun toshe da jar ƙurar hunturu, da gashin kaji, da yanar gizo-gizo, ƙadangare kuma ya yi masauki kusa da wayoyi. Ta ina zafi zai fita? In bai fita a nan ba, a ɗaki zai kwana. Inuwa tana da amfani, amma ta rumfa mai tsawo wadda iska ke ratsawa. Don wanke ƙurar, a kashe wuta, a watsa wa farantan ruwa a hankali ba da ƙarfi ba, don saurin lanƙwashewa gare su.

Na'urar cikin ɗaki kuma tana da raga biyu a bayan murfi. Yaro ma zai iya zare su ya wanke da ruwa, ya shanya a inuwa. Duk mako biyu a lokacin ƙura ya wadatar. Ragar da ta toshe ita ke sa ƙanƙara ta kama ciki, ruwa ya riƙa ɗiga a kan kafet.

A nan ne ake kiran mai gyara, ya taɓa bututu ya ce, "Alhaji, ai gas ne ya ƙare." Gas ɗin AC ba irin na girki ba ne da ake ƙonawa, a rufe yake zagayawa. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo, galibi a mahaɗar bututu, inda za ka ga danshin mai ya kama ƙura. Mai gyaran kirki zai shafa kumfar sabulu ya nemo wurin, ya toshe, sannan ya ɗura. Wanda ya ɗura kawai ya karɓi kuɗinsa, kafin bazara ta zagayo za ku sake gaisawa.

Lafia ba Sakkwato ba ce. Kusancinta da kwarin Binuwai ya sa zafinta na damina gumi ne, jiki ya yi ta danƙo ko da hadari ya rufe rana. A irin wannan dare, alamar ɗigon ruwa da ke jikin rimot ita ce abin nema, domin tana tsame laima daga iska ba tare da ta mai da ɗaki firji ba. Dama na'urar da Willis Carrier ya ƙirƙira a 1902 don wata maɗaba'a ce a birnin New York, inda laima ke sa takarda ta kumbura launuka su goce. Jin daɗin mutane daga baya ya biyo.

Saura wuta. In an ɗauke aka maido nan take, a ba na'ura minti uku zuwa biyar kafin a kunna, matsin gas ya daidaita. In kuma ƙwan fitila ya yi ja, fanka na jan ƙafa, gara a haƙura da AC a daren, ko a sa mata sitabilaiza daidai ƙarfinta. Kuɗin sabuwar kwampiresa ya fi na sitabilaiza.