Dila Kan Sake Gashi, Ba Ya Sake Hali

Wani tsohon bawa ne, makiyayin shanu, ya yaɓa wa Sarki Basfasiyan wannan magana. Da ubangidan nasa ya hau gadon sarautar Rum a shekarar 69 Miladiyya, sai tsohon ya roƙi a 'yanta shi ba tare da fansa ba, tunda dai arziki ya sauka a gida. Sarki ya ƙi. Tsoho ya ɗaga murya ya ce dila kan sake gashi, amma ba ya sake hali. Marubucin tarihi Suwetoniyas ne ya adana labarin.

Abin da Rumawa ke nufi shi ne rawani ba ya gyara mutum, sai dai ya ba halinsa fili. Ilmi ma ba su ɗauke shi tsafi ba. Ai sun ga Seneka, malamin falsafar da babu kamarsa a zamaninsa, ya karantar da Sarki Niro tun yana yaro. Ɗalibin ya sa aka kashe mahaifiyarsa a shekarar 59, a 65 kuma ya umarci malamin ya kashe kansa. Hali zanen dutse, in ji Bahaushe.

Sai dai ni a ganina makiyayin rabin gaskiya ya faɗa. Basfasiyan ɗan mai karɓar haraji ne, ya kuma tarar da baitulmali a bushe bayan almubazzarancin Niro da yaƙin basasa. Har fitsarin da masu wanki ke kwasa don aikinsu ya ɗora wa haraji. Da ɗansa Taitus ya yamutsa fuska, sai uban ya kai masa kuɗin dab da hanci ya tambaye shi ko yana jin wari. Rowa ce, ba shakka, kuma ba ta bar shi ba har ya mutu a 79. To amma wannan marowacin ne sarkin farko da ya yanka wa malaman balaga na Latin da Girkanci albashi daga baitulmali, sestas 100,000 na kuɗin Rum a shekara. Cikin waɗanda suka ci moriyar akwai Kwintiliyan, malamin da ya ƙi jinin dukan yara a makaranta, yana ganin bulala tsoro take koyarwa, ba karatu ba.