Godiya Tun Gari Bai Waye Ba



Kowace safiya idan an ce mana, "Ina aiki?" mukan amsa, "Aiki da godiya." Yaro ya iya wannan amsa, tsoho ma ya iya. Amma akwai ranar da amsar takan yi nauyi a baki. Maigida ya leƙa rumbu ya ga ƙasansa, ga shi kuwa kaka da sauran wata uku. An yi shuka sau biyu, rana ta ƙone ta. Yaro yana kwance da zazzaɓi, kuɗin magani babu. A irin wannan rana mutum yakan ce a ransa, "Godiyar me zan yi? Bari Allah ya fisshe ni tukuna, sa'an nan in gode masa."

Saboda irin wannan rana aka rubuta ƴar takardan nan. Ka kira iyalinka ku zauna a tabarma, wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran.

Jirgin da ya yi kwana 14 cikin hadari

A cikin Littafin Ayyukan Manzanni sura 27 akwai labarin manzo Bulus. An kama shi saboda bisharar Yesu, ana tafiya da shi Roma domin a yi masa shari'a a gaban Kaisar. Wani shugaban sojoji mai suna Yuliyas ya sa shi cikin babban jirgin ruwa na Iskandariya wanda ya ɗauko alkama. Mutum 276 ne a cikin jirgin: matuƙa, da sojoji, da ƴan sarƙa.

Da suka kai tsibirin Karita, Bulus ya gargaɗe su kada su ci gaba, gama lokacin tafiya a teku ya riga ya wuce. Ba su ji maganarsa ba. Suka fi yarda da mai jirgin da shugaban matuƙa. Ba su yi nisa ba sai wata iska mai ƙarfi ta taso ta fizge jirgin. Kashegari suka fara zubar da kaya a ruwa. A rana ta uku suka jefar da kayan aikin jirgin da hannunsu. Kwana da kwanaki ba su ga rana ba, ba su ga taurari ba.

Yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba. Amma ka tuna da ayarin raƙuma masu zuwa Bilma ɗaukar gishiri. Idan ƙura ta rufe sama, madugu bai ga tauraro ba, ina zai nufa? Haka matuƙan zamanin nan suke, da rana da taurari suke sanin hanya. Luka, wanda ya rubuta labarin, shi ma yana cikin jirgin, ya kuwa shaida cewa sun fid da zuciya ga tsira. Ko abinci sun kasa ci.

Sai Bulus ya miƙe a tsakiyarsu. Ya gaya musu mala'ikan Allah ya zo masa da dare, ya hana shi jin tsoro, ya kuma tabbatar masa ba ran da zai salwanta, jirgin kaɗai za a rasa.

A dare na 14 matuƙa suka ji alamar sun kusa ƙasa. Suka gwada zurfin ruwa kamar yadda mai haƙar rijiya yake gwadawa, suka sami gaba 20, can kuma gaba 15. Tsoron duwatsu ya kama su. Suka saki manyan ƙarafa huɗu na tsai da jirgi, suna ta fatan gari ya waye.

To, ga abin da nake so ka riƙe. Gab da asuba, iska tana kan bugawa, Bulus ya roƙe su su ci abinci. Ya ɗauki gurasa, ya yi wa Allah godiya a gabansu duka, ya gutsura, ya fara ci. Da suka ga haka sai zuciyarsu ta dawo, su ma suka ci suka ƙoshi.

Ya gode tun ba a tsira ba

Ka lura da lokacin da Bulus ya yi godiya. Ƙafarsa ba ta taka ƙasa ba tukuna. Har yanzu shi ɗan sarƙa ne. Jirgin da yake tsaye a kai saura kaɗan ya farfashe. Me ke hannunsa? Gutsuren gurasa, da maganar da Allah ya faɗa masa. A kan waɗannan biyu ya gode.

Godiya bayan an cika rumbu ba wuya. Ko wanda bai san Allah ba yakan yi murna da kaka. Godiyar mai bi tana farawa tun cikin duhu, domin ya san wanda yake riƙe da shi. Bulus ya gaya wa mutanen jirgin cewa shi na Allah ne, Allah kuma yake bauta wa. Mai garke ba ya manta da tunkiyarsa don hadari ya taso.

Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici. In maƙwabcinka ya ba ka tiya ɗaya ta hatsi a cikin bazara, ba ka cewa sai ya cika buhu kafin ka gode. Yaya fa Allah, wanda ya ba ka numfashin da kake shaƙa yanzu, ya ba ka hannu biyu na riƙe hauya, ya ba ka Ɗansa?

Allah bai ce jirgi ba zai fashe ba

Kada kowa ya ruɗe ka da cewa wanda ya bi Yesu wahala ba ta taɓa shi. Jirgin Bulus ya fashe, alkamar duka ta tafi teku. Wasu da iyo suka kai gaɓa, wasu a kan katako. Amma dukansu 276 suka fita da rai a tsibirin Malita, yadda Allah ya faɗa.

Tsofaffinmu sun ga farin 1973 da 1974, lokacin da shanu suka yi ta faɗuwa a kan hanya. Sun ga yunwar 1984, har a 1985 kogi ya daina gudu a Yamai. Da yawa cikinmu mun ga farar 2004 da yunwar da ta biyo baya a 2005 a ƙasar Maraɗi da Damagaram da Tawa. Fari bai tsallake gonar Kirista ba. Akwai masu bi da suka binne ƴaƴansu a shekarun nan, har yau kuwa ciwon yana nan a zuciyarsu. Allah bai hana ka kuka ba. Yesu da kansa ya yi hawaye a kabarin Li'azaru.

Mu ba a yi mana alkawari irin na mutanen jirgin ba, cewa ba wanda zai mutu a cikin wannan wahala ko waccan. Alkawarin da muke da shi ya fi wannan nisa. A ƙarshen Romawa sura 8 Bulus ya lissafta yunwa da tsanani da takobi, har da mutuwa, ya nuna ba ɗayansu da ya isa ya raba mai bi da ƙaunar Allah. Annabi Habakuk ma, a ƙarshen littafinsa, ya yi zancen shekarar da gonaki ba su ba da kome ba, garke kuma ya ƙare, duk da haka ya ƙudura zai yi farin ciki da Allah Mai Cetonsa. Gona takan ba da amfani bana ta hana baɗi. Allah yana nan yadda yake.

Godiyar mutum ɗaya ta ta da mutum 275

Bulus bai ɓuya a lungu ya yi godiyarsa ba. A gaban sojoji da matuƙa waɗanda ba su san Allahnsa ba ya yi ta. Tsoro yana yaɗuwa kamar wutar daji, ƙarfin zuciya ma haka yake kama na kusa.

Maigida, gidanka shi ne jirginka. Idan ka shigo da yamma fuska a murtuke, kana zagin ƙasa, kana zagin sama, yara za su kwanta da tsoro ko da sun ci. Uwargida, idan kina tuƙa tuwo kina gunaguni, ƴarki tana koyon gunaguni tare da tuƙi. Amma a ce abin da ke akwai a daren nan kunu ne kawai da ɗan tafasa. Yaro ya ce, "Baba, wannan ke nan?" Uban ya ce, "I, ɗana, shi Allah ya ba mu yau. Ku kawo hannu mu gode masa, gobe ma yana nan." Yaron nan zai girma ya manta da ɗanɗanon kunun, amma ba zai manta da muryar ubansa ba.

Maƙwabta ma suna ji ta bayan darni. Sun san rumbunka kamar yadda ka san nasu. Idan suka ji waƙar yabo tana fitowa daga gidan da ba a ɗora tukunya da rana ba, wata rana ɗaya daga cikinsu zai tambaye ka dalili.

Mai godiya ba ya naɗe hannu

Wani zai ce, "Ashe sai mu zauna muna godiya kawai." A'a. Dubi Bulus. Da matuƙa suka so su sulale cikin ƙaramin kwalekwale su bar sauran, shi ya faɗakar da shugaban sojoji, aka yanke igiyoyin. Shi ya ce a ci abinci domin a sami ƙarfin iyo. Ya gaskata alkawarin Allah, ya kuma yi abin da ke gabansa.

Haka kai ma. Ka ɓoye irin shuka ko yunwa ta matsa, gama wanda ya ci irinsa ya ci kakarsa. In yaro ya yi zafin jiki, ka yi addu'a, ka ɗauke shi zuwa likita tun da wuri. Kada tsoro ya kai ka ɗakin boka ko wurin ƴan bori, kada ka ɗaura masa laya, ko da dangi sun matsa maka. In akwai gwauruwa a cikin ikkilisiya wadda ba ta da mai yi mata noma, ku yi mata gayya.

Godiya kuma takan buɗe ido. A 1983 wani ma'aikacin mishan a Maraɗi, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa. Wata rana ya duba ƴan tsire-tsiren da manoma suke sassabewa kowace shekara, ya gane ashe kututturan itatuwa ne masu saiwa da rai a ƙarƙashin ƙasa. In an zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi aka bar su, aka datse sauran, itace yakan tashi da sauri. Manoman da suka fara yin haka an yi musu dariya, an ce gonarsu ƙazama ce. Suka daure. Yau miliyoyin itatuwa sun tashi a gonakin kudancin Nijar ta wannan hanya, suna tare iska, suna ba da itacen wuta da abincin dabbobi. Kyautar tana nan ƙarƙashin ƙafarmu tun da daɗewa, muna sare ta muna kukan babu. Ka duba gidanka da kyau. Wace kyauta ce Allah ya ajiye maka wadda ba ka taɓa gode masa a kanta ba?

Idan hadarin daga mutane ne

Wani hadarin ba na sama ba ne. Akwai wanda aka hana shi aure, akwai wanda aka ƙi ci da shi a akushi ɗaya saboda sunan Yesu. A watan Janairu na 2015 aka ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu. Gini ya ƙone, ikkilisiya ba ta ƙone ba, masu bi suka ci gaba da taruwa.

Ka tuna da Daniyel sura 6. An kafa doka cewa har kwana 30 duk wanda ya roƙi wani in ba sarki ba, a jefa shi ramin zakoki. Daniyel ya san an sa hannu a dokar. Ya shiga ɗakinsa, tagogi a buɗe, ya durƙusa sau uku a rana yana addu'a da godiya kamar yadda ya saba. Bai zagi kowa ba, bai ɗauki sanda ba, bai kuma rufe taga ba. Kai ma kada ka rama. Ka gai da maƙwabcinka, ka je masa barka, ka je masa ta'aziyya, ka yi masa addu'a. Amma kada ka ji kunyar Ubangijinka a gabansa.

Wanda ya fara gutsura gurasa

A ina Bulus ya koyi wannan? A wurin Ubangijinsa. A daren da aka ba da Yesu ga maƙiyansa, ya ɗauki gurasa, ya yi godiya, ya gutsura ya ba almajiransa. Ya san gicciye yana jiransa da safe. Ya tafi ya mutu saboda zunubanmu, a rana ta uku ya tashi daga matattu. Wanda ya ba da gaskiya gare shi an gafarta masa, mutuwa kuma ba ta da sauran iko ta hallaka shi. Tushen ƙarfin zuciyar Kirista ke nan, tushen godiyarsa ke nan.

Ya mai karatu, kai na wane ne? In ba ka ba da kanka ga Yesu ba tukuna, kada ka jira sai iska ta kwanta. Ka tuba, ka kira gare shi yau. Ka nemi fasto ko mai bishara na kusa da kai, zai karanta maka Ayyukan Manzanni 27 tun daga farko har ƙarshe. In kuwa kai nasa ne, to, a daren yau kafin kowa ya sa hannu a ƙwarya, bari kowane mutum a gidan, har ƙaramin yaro, ya faɗi abu ɗaya da zai gode wa Allah saboda shi. Sa'an nan ku yi addu'a tare:

Ya Ubanmu na Sama, ka ga rumbunmu, ka ga zuciyarmu. Mun gode maka saboda abincin da ke gabanmu, mun gode maka saboda Yesu wanda ya mutu dominmu. Ka gafarta mana gunaguninmu. Ka kawar da tsoro daga gidan nan. Ka ba mu ruwa a kan kari, ka ba mu ƙarfin aiki, ka sa mu tuna da wanda ba shi da ko wannan. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.