Adadi 4444 tsakanin hisabi da wuridi

Adadi 4444 shi ne yawan da ake karanta Salatin Nariya, wadda wasu ke kira Tafrijiyya, idan ana neman biyan wata buƙata mai nauyi. An san wannan aiki a zaurukan malamai na Tawa da garuruwan Adar irin su Kalfu, kamar yadda aka san shi a Kano da Sakkwato. Akan taru, a raba ƙirgar, kowa ya ja nasa kaso da carbi ko tsakuwa.

Ta fuskar hisabi, 4444 cika ne, ba mara ba. Tushensa 2 sau 2 sau 11 sau 101, kuma 11 da 101 ba sa rabuwa da kowace lamba sai ɗaya da kansu. Lambobi 12 ne ke raba shi ba saura. Wannan ke sa rabon ya yi wa almajirai wuya ko sauƙi: mutum 11 kowa zai ja 404, mutum 44 kowa 101, amma mutum goma sai an bar wa wani ragowar huɗu. Mai carbi ɗari shi kaɗai zai zagaya sau 44, ya ƙara ƙwaya 44.

Malaman hisabi na da sun kasa lambobi uku, bisa littafin Nikomakus na Yunan wanda Sabit ɗan Ƙurra ya mayar Larabci a Bagadaza kafin rasuwarsa a 901. Akan tara duk masu raba lamba, ban da ita kanta. In jimlar ta zo daidai da ita, kamar 6 da 28 da 496 da 8128, cikakkiya ce. In ta zarce, kamar a 12, za'ida ce. In ta gaza, naƙisa ce. Masu raba 4444 sun taru a 4124, don haka naƙisi ne. Ko jerin huɗu huɗun da ke ɗaukar ido, ƙirgar goma goma ce ta haifar da shi. A ƙirgar sittin ta mutanen Babila sai ya koma 1, 14, 4.

A nan tambayar take: albarkar a lambar take, ko a salatin? Masu ilimin haruffa da hatimi, irin Muhammadu al-Kashinawi na Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, sun ɗauki adadi da muhimmanci ƙwarai, har akan kwatanta shi da haƙoran makulli, waɗanda in ɗaya ya ragu ƙofa ba ta buɗuwa. Sai dai da darajar hisabi ake bi, da 8128 ta fi cancanta. Masu yin wuridin ma ba su kafa hujja da lissafi ba. Cewa suke mujarrabi ne, magabata sun gwada sun ga biyan buƙata, kuma littafin Khazinatul Asrar na Muhammadu Haƙƙi an-Nazili ya kawo shi.

Malaman Izala, ƙungiyar da aka kafa a Jos a 1978 ta kuma bazu a Nijar, suna cewa ƙayyade adadin ibada haƙƙin shari'a ne, kamar tasbihi 33 bayan salla, kuma babu hadisin da ya zo da 4444. Malaman ɗariƙa na amsawa cewa an umarci muminai da yawaita salati ba tare da iyaka ba, saboda haka wanda ya ɗora wa kansa wani adadi bai fita daga umarnin ba, muddin bai jingina shi ga Annabi ba.